Anaruwa a Birnin Rina

Ranar da Anaruwa ya kanga idonsa a bakin amyarsa ta ƙarshe, ba saƙar zuma ya gani ba. Ƙofar gari ya gani, da ganuwa, da dogarai biyu riƙe da masu. Ɗayansu ya ɗaga kai ya ce masa, "Ya kai bil'adama, a nan ba a leƙe. In shigowa za ka yi, yi sallama."

Saura ƙiris ya saki reshen da yake riƙe da shi. Ya yi salati, ya murza ido, ya sake kangawa. Dogaran suna nan yadda ya bar su, har ɗayan ya fara nuna alamar gajiya da jira.

Shi Anaruwa mutumin Kurmin Baure ne, ya ba hamsin baya, kuma zuma ya gada. Ubansa ya rasu ya bar masa amya talatin da uku rataye a kan ɗorawa da tsamiya. Ba mugu ba ne, amma yana daga cikin mutanen nan da ba a gama gaya musu magana sun ce sun sani. Uban yakan yaɓe marfin amya da kashin shanu, ya huda 'yar ƙofa da sillen kara, shi ke nan. Anaruwa ya dubi yadda ƙudan ke turereniya a wannan 'yar kafa, ya ce ai wannan wahalar da bayin Allah ne. Ya bi amyoyin ɗaya bayan ɗaya ya buɗa ƙofofin har yatsu uku suna shiga, ya yi wata guda yana ba da labarin wannan dabara a kasuwa.

Da damina ta ja baya sai rina ta sauka, irin manyan nan masu jan kai. Su tsaya a iska a bakin amya, su cafke ƙuda, su datse kansa su yar, sannan su kutsa ciki su kwashe 'ya'ya. Anaruwa ya yi ta bugu da tsintsiya, ya rataya layu, ya yayyafa rubutu, ya zargi maƙwabta biyu har aka daina gaisawa. Cikin wata biyu amya talatin da biyu suka zama kango. Saura ɗaya, wadda ke kan babbar ɗorawar bayan gonarsa, ita ce kuma zumar da ubansa ya fara kamawa tun yana saurayi. In ta tafi, zumar gidansu ta ƙare. Wannan tsoro ne ya fito da shi da sassafe, ya tuɓe riga ya ajiye a gindin bishiya tare da igiyarsa, ya hau daga shi sai wando.

Ya yi wa dogaran sallama. Dogarin ya miƙo masa wani ɗan kaki a tsinin mashi, bai kai ƙwayar gero ba.

"Sa wannan a ƙarƙashin harshenka," in ji dogarin. "Muddin yana nan, girmanka girmanmu ne. Sa'ad da ka tofar da shi, ka koma yadda uwarka ta san ka."

Ya sa. Nan take bishiyar ta yi sama, ganyen ɗorawa ya zama kamar tabarma, sai ga shi tsaye a bakin wata ƙofa mai faɗin da raƙuma goma za su shiga a jere. Har ya ɗan ji daɗi a ransa, don ya san aikin hannunsa ne.

Birnin duk da kaki aka gina shi, ɗaki bisa ɗaki, kowanne da kusurwa shida, haske kuma yana fitowa daga jikin bangon. Mutanen garin siffar mutane ce da su, sai dai fukafukai a baya. Amma babu mai dariya. Kasuwa ta watse, rumfuna a buɗe, ana ta wucewa da gawarwaki a kan makara, kowace gawa ba kai. Anaruwa ya sha ganin matattun ƙuda a gindin bishiya ya share da ƙafa. Yau da ya ga uwa tana bin makara tana kiran sunan 'yarta, sai jikinsa ya yi sanyi ƙalau.

Aka kai shi fada. Magajiyar birnin tana zaune a kan gadon kaki, doguwa, ta rame, idanunta sun faɗa. Ya zube ya yi gaisuwa.

"Tashi, ya kai ɗan mai gidanmu," in ji Magajiya. "Mu aljanu ne daga cikin waɗanda aka hore wa aikin fure. Ubanka ya sani, shi ya sa bai taɓa hawa bishiyarmu ba sai da sallama. Birni talatin da uku gare mu a hannunku, yau saura wannan. In rana ta take tsaka, rundunar Rina za ta zo gaba ɗayanta, kuma ba mu da mazan da za su tare ta."

Anaruwa ya bugi ƙirji. "Ranki ya daɗe, wannan annoba ba haka kawai ta zo ba, turo ta aka yi. Faɗa mini wanda ya kira su. Ko maye ne, ko ɗan uwana ne na jini, wallahi yau sai ya san ya taɓa ni."

Fadawa suka sunkuyar da kai, wata tsohuwa ta rufe fuska da fiffikenta.

"Akwai sunan da dokarmu ta hana mu ambata da laifi," in ji Magajiya a hankali. "Je ka Birnin Rina. Su ba su da kunya, za su faɗa maka."

Aka buɗe masa wata ƙofa a bayan fada wadda ba duniyarmu take fita ba. Yana taka ƙafa waje ta rufe.

Bai yi nisa ba ya iske daji wanda babu ganye ko ɗaya a bishiyoyinsa, sai hayaƙi ya tsaya a kansu curi-curi. A bakin dajin wani tsoho ne zaune, idanunsa jajur, yana fifita wuta da ba a ganin harshenta.

"Ya kai bil'adama, ka san hayaƙin nan?" in ji tsohon.

"Ban san shi ba, Baba."

"Naku ne. Duk hayaƙin da mai ɗiban zuma ya taɓa hura wa amya, nan yake taruwa. Yadda yake mantar da ƙuda gidansa, haka yake mantar da mutum abin da ya kawo shi. Dubi waɗancan."

Anaruwa ya duba, sai ya hango mutane suna yawo a ciki, wani da takobi a zare, wani da gammo a ka ba kaya, gemunsu har gwiwa. Kowa ya gamu da ɗan uwansa sai ya tambaye shi, "Don Allah ina za ni?" Amma wanda ya shekara arba'in yana wasa da hayaƙi ya san halinsa, ya san ba ya kwanciya a ƙasa, kullum yakan bar tazarar taƙi guda. Sai ya kwanta rubda ciki, ya manna hanci da turɓaya, ya yi ta ja kamar ƙadangare yana cewa, "Amya, amya, amya." Ƙaya ta yayyage masa ƙirji. Sau ɗaya ya ɗaga kai don ya ga hanya, ya shaƙi kaɗan, sai da ya fita dajin ya zauna yana lalube kafin sunan matarsa Gwamma ya dawo masa.

Daga nan sai kogi, faɗinsa ya fi ƙarfin ido, kuma ba ruwa ne a ciki ba, zuma ce, tana tafiya a hankali ba ƙara. A cikinta ga kawuna birjik, na mutane da na dabbobi da na waɗansu halittu da bai san sunansu ba, duk sun nutse zuwa wuya, kowanne yana murmushi yana lasar leɓe. A gaɓa wani siririn mutum ne yake ginin tukwane, ƙugunsa kamar zare, hannuwansa duk laka.

"Ni ne Zanzaro," in ji shi, bai ko ɗago ba. "Dangin Rina ne ni ta wajen uwa, amma ba ma ga maciji. Ni magini ne, ba mahauci ba. Zan haye da kai, da sharaɗi guda. Wannan ita ce zumar da aka zubar a banza tun farkon duniya. Wanda ya lasa, nan zai tabbata."

A nan kam Anaruwa ya yi dariya ta farko a ranar. Mai sana'ar zuma ai ya daɗe da daina marmarinta, shi da za a ba shi tuwo da miyar kuka da ya fi godewa. Suka shiga wata babbar tukunya, Zanzaro yana tuƙi da gora. Suna tsakiya wani kai ya yi atishawa, ɗigo ɗaya ya fantsamo ya sauka daidai leɓen Anaruwa na sama. Ƙanshinta ya bugi hancinsa, ƙanshin furen da bai taɓa ji ba a duniya, harshensa ya fara motsi da kansa. Ya cije haƙora, ya damƙe gefen tukunya, gumi na zuba, bai ko haɗiyi yawu ba har suka kai gaɓa, Zanzaro ya goge masa da yatsa.

Sannan Zanzaro ya gutsuro curin laka ya miƙa masa. "Karɓi guzuri, ya kai bil'adama."

Anaruwa ya dubi lakar, ya dubi mai ba da ita. "Yaƙi zan je fa. In kana da mashi ka ba ni."

"Karɓi laka."

"Me zan yi da laka? Tukunya zan gina musu?"

"Sau uku nake tayi, ban taɓa yin na huɗu ba. Karɓi laka."

"Na gode, riƙe abinka."

Zanzaro ya mai da curin cikin kwaɓinsa, ya juya tukunyarsa ya koma.

Birnin Rina ba a ƙasa yake ba. A rataye yake da ka, daga reshen wata bishiya da ba a ganin gindinta, an gina shi da itacen da aka tauna aka tofar, toka-toka, hawa bisa hawa. Igiya ɗaya ce ta sauko daga ƙofarsa. Anaruwa ya kama ya hau, yana karanta duk abin da ya iya, don ya tabbata ana ganinsa za a datse masa kai. Ya leƙa ƙofa. Wani ƙaton barde mai jan kai da muƙamuƙi kamar almakashi ya zuba masa ido, ya ƙara dubawa, sai ya yar da mashinsa ya kurma ihu.

"Ya zo! Jama'a, ya zo da ƙafarsa!"

Kafin Anaruwa ya san inda yake, an ɗauke shi a kafaɗa. Aka goce da kiɗa, mata suna rangaɗa guɗa, yara suna rige-rigen taɓa ƙafarsa. Aka shimfiɗa masa darduma mai sheƙi tun daga ƙofa har fada, sai da ya taka ya ji tana ƙaras-ƙaras ya gane da fukafukan ƙudan zuma aka saƙa ta. Maroƙi yana gaba yana wage baki: "Ga Mai Buɗe Ƙofa! Ga wanda ya ciyar da mu ba mu roƙa ba! Ga ɗan da ya fi ubansa!"

Sarauniyar Rina ta sauko daga karagarta da kanta, abin da aka ce ba ta taɓa yi wa kowa ba. Ta kama hannunsa na dama ta ɗaga wa jama'a, aka sake ruɗewa da sowa.

"Allah ya ja zamaninki," in ji Anaruwa. "Ina jin kun ɗauke ni wani ne. Ni ne mai amyoyin da kuka hallaka. Na zo in ji wanda ya kira ku."

Sarauniya ta yi dariya har fadawa suka taya ta.

"Ya kai bil'adama mai alheri, ashe har da barkwanci ka iya. Shekara arba'in muna kewaya biranen nan a zamanin ubanka. Mu kama ɗaya a waje, mu kama biyu, amma ciki ya gagare mu, don kanmu ba ya shiga ƙofar. Tsinannen sillen karan nan nasa ya kashe mana 'ya'ya da yunwa ba iyaka. Dogari ɗaya tak yakan tsaya a kafar ya hana runduna. Sai bana 'yan leƙen asirinmu suka dawo suna rantsuwa, wai wani bawan Allah yana bin biranen yana rushe ƙofofi da yatsunsa. Ban yarda ba sai da na je na shiga da kaina, da rawanina, ban ko sunkuya ba. Ƙofa talatin da uku! Wa ya kira mu? Ga hannun da ya kira mu nan a hannuna."

Anaruwa ya dubi yatsunsa uku. Ya tuna fadawan Magajiya da suka sunkuyar da kai, da uwar da ke bin makara, da maƙwabtansa biyu da ya zarga a banza. Ya zauna daɓas a kan dardumar, ya yi kuka irin na babban mutum, wanda ba ya fita da sauti. Fadawa suka ce kukan murna ne, aka ƙara wa makaɗa ƙaimi.

A waje aka busa ƙaho. Rana ta kusa take tsaka, runduna ta yi sahu. Anaruwa ya lissafa hanya, ga kogi, ga daji, ya san ko da gudu ya koma sai dai ya tarar da kango. Ya share fuska, ya durƙusa.

"Ranki ya daɗe, ina roƙon alfarma ɗaya."

"Ko rabin birnin nan ne, an ba ka."

"Ƙofar ƙarshe ce. Ina so a tafi da ni, a sauke ni a bakinta kafin kowa, in tsaya in ga shigarku."

"Wannan ai haƙƙinka ne," in ji Sarauniya. "Sarkin Yaƙi, goya shi."

Ya hau bayan Sarkin Yaƙi ya riƙe wuyansa. Suka tashi, runduna a baya ta rufe rana, ƙararta kamar ana niƙa a gari guda. Kogin ya wuce a ƙarƙashinsu, ya hango Zanzaro a gaɓa yana kwaɓa lakarsa, ya ji kamar ya faɗo. Dajin hayaƙi ya wuce. Suka keta wani gajimare, sai ga gonarsa, ga babbar ɗorawa, ga rigarsa a ƙasa. Sarkin Yaƙi ya sauke shi a kan reshe daidai bakin amya, ya ja da baya cikin ladabi.

Anaruwa ya tofar da kakin.

Ya dawo girmansa a kan reshen, har bishiyar ta girgiza. Ya laluba ko'ina, babu laka, babu kashin shanu, babu riga. Ya tsinko ganye ya cusa a ƙofar, rina suka tattaune shi kafin ya ƙifta ido, waɗanda itace ma abin taunawarsu ne. Ya toshe gaba ɗaya kuma ba dama, zafin rana zai kashe na ciki, na waje da suka tafi fure su rasa mashiga. Sai ya sarƙafe reshe da ƙafafu da hannun hagu, ya kifa tafin hannunsa na dama a kan ƙofar, ya ɗan ware tsakanin yatsu biyu daidai kaurin sillen kara.

Wani ƙuda ya dawo da kayan fure a ƙafa, ya bi ta tsakanin yatsun ya shige. Wata rina ta biyo shi, kanta ya ƙi shiga.

Sarkin Yaƙi ya tsaya a iska daidai kunnensa. "Ya kai Mai Buɗe Ƙofa, wannan wane irin wasa ne? Ɗauke hannunka."

"Ba zan ɗauke ba."

"Mun yi maka kiɗa, mun ɗauke ka a kafaɗa. Ɗauke, ko mu cinye shi."

"Ku ci. Shi ya yi laifin."

Harbin farko ya ji shi har ƙwaƙwalwa. Na biyu da na uku suka zo tare, daga nan ya daina ƙirga. Suka lulluɓe hannun har ba a ganin fata, suna harbi suna cizo. Yatsun suka fara kumbura suna neman rufe kafar, sai ya riƙa ƙara ware su, kowane motsi kamar ana tsaga shi da wuƙa. Ya yi ihu har muryarsa ta dushe. Duk wannan abu ƙudan na ciki ba wanda ya taɓa tafin hannunsa da harbi, sai iska mai sanyi yake ji suna fifita masa.

Da azahar Gwamma ta taho gona da ƙwaryar fura a ka. Ta ga riga da igiya a ƙasa, ta ɗaga kai, ta ga mijinta a manne da amya, hannunsa ya zama baƙin curi mai motsi. Ta dafe ƙirji.

"Innalillahi! Malam! Malam, sauko, za su kashe ka!"

"Laka, Gwamma," ya ce da ƙyar. "Laka da sillen kara."

"Wace irin laka? Ka sauko, zuma ce fa, ba ɗa ba!"

"In na ɗaga hannun nan sun ƙare. Ni na buɗe musu. Don girman Allah, laka."

Gwamma ba ta gane rabin maganar ba, amma shekara talatin tana zaune da mutumin nan ba ta taɓa jin ya ce shi ne da laifi ba. Wannan ya fi rinar razana ta. Ta ruga wajen suri ta farfasa ƙasarsa da dutse. Ruwa babu kusa, sai ta juye furar a kai ta kwaɓa, ta ƙulle a gefen zane, ta karyo sille ta soke a ɗaurin kai. Ta dubi hagu ta dubi dama, ba kowa. Matar da ko katanga ba ta taɓa hawa ba ta tamke zane, ta lulluɓe fuska da mayafi, ta rungumi ɗorawa. Sau biyu tana zamowa. A na uku ta kai, gwiwoyinta duk jini, rina na harbinta ta cikin mayafi tana zaginsu da iyayensu.

Ta riƙa cusa lakar ta ƙarƙashin tafinsa, yana ja da baya kaɗan-kaɗan, har ƙofar ta cike. Ta soka sille ta zare. Ƙudan suka fara bi ta kafar ɗaya bayan ɗaya, a bakinta kuma ga dogari guda ya tsaya. Rina suka yi ta dukan lakar da kai, rana kuwa tana ta busar da ita. Da la'asar suka gaji, suka tashi gaba ɗaya suka yi gabas. Ihun Gwamma ne ya tara mutane, aka sauko da Anaruwa da igiya kamar buhu, bai san inda kansa yake ba.

Kwana goma sha biyu yana zazzaɓi. Ya tashi, amma hannun bai tashi ba. Kumburin ya saɓe, naman ya bi shi, yatsun suka ƙanƙance suka bushe, ko an soka allura ba ya ji. Ranar kasuwa ta farko da ya iya fita, ya tsaya a inda ya saba cika baki, ya faɗi abin da ya yi da bakinsa, ya nemi gafarar maƙwabtansa biyu. Labarin biranen kuwa wasu suka ce zafin dafi ne, shi dai bai yi musu da kowa ba. Abin da ya fi ci masa rai shi ne mai hannu ɗaya ba ya hawa ɗorawa. Kullum sai ya je ya zauna a gindinta, ya ɗaga kai yana kallon amyar daga nesa. Ya saƙa sabuwar amya da hannun hagu da haƙori, ta fito a karkace, ya turara ta ya jingine a ƙasa, don ba shi da yadda zai rataya ta.

Da ɗorawa ta yi fure, wata hantsi yana zaune, Gwamma da mutane kaɗan suna hira a gefe, sai aka ji ƙugi daga sama. Amyar ta cika har ta yi ɓari, sabuwar Magajiya ta fito da jama'arta neman gida. Kowa ya san irin wannan taro, sama yake yi ya nufi daji, in ba a rataye amya a bishiya ba an yi asararsa. Anaruwa ya miƙe, ya bi su da ido suna kewaya bishiyar, hawaye ya cika masa ido.

Taron ya kewaya sau uku, sannan ya yi ƙasa. Mutane suka watse da gudu, wani ya bar takalminsa. Ƙudan suka sauka a kan busasshen hannun, ɗaya bisa ɗaya, har suka yi curi kamar tulu, nauyinsu yana rinjayar kafaɗarsa. Gwamma ta toshe baki da hannu biyu.

Anaruwa ya tallafe gwiwar hannun da na hagu, ya taka a hankali zuwa karkatacciyar amyarsa, ya durƙusa a gabanta.

"Salamu alaikum," ya ce. "Ga ɗaki, ba shi da kyau. Ku yi haƙuri da shi."

Suka shiga.